Ziyarata A Horikon, Inda Ake Yi Wa Tsohuwar Tarakta Dashen Inji

Duk wanda ya bar birnin Milwoki na Jihar Wiskonsin a Amurka ya nufi arewa maso yamma, bayan tafiyar kamar awa guda a mota zai iske wani ɗan gari mai suna Horikon. Mutanensa ba su kai 4,000 ba, amma abu biyu sun fid da sunansa. Na fari, wata makekiyar fadama wadda ta zarce eka 30,000, inda dubban agwagin daji ke ya da zango da kaka a kan hanyarsu daga Kanada zuwa kudu. Na biyu kuwa masana'antar John Deere, wadda a 1963 ta fara ƙera 'yar taraktar yankan ciyawa samfurin 110, mai injin Kohler na ƙarfin doki 7.

Agwagin na je kallo cikin watan Oktoba, amma abin da ya fi zauna mini a rai, a bayan gidan mai masaukina na gan shi.

Ya kamata mai karatu ya sani, a can ciyawar ƙofar gida ba abin wasa ba ce. Garuruwa da dama suna da doka, in ta wuce ƙa'ida a ci mai gida tara. Saboda haka mai babban fili yakan mallaki 'yar tarakta wadda ake hawa, tana tafiya wuƙaƙen da ke ƙarƙashinta suna aske ciyawar.

Mai masaukina dattijo ne, tsohon makaniki. Ranar Asabar da hantsi na same shi a garejinsa tsakanin taraktoci biyu. Ɗaya ta wata tsohuwa ce, maƙwabciyarsa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata. Jikanta ya hau bai duba baƙin mai ba, inji ya ƙone, kuɗin sabuwa kuwa ya fi ƙarfinta. Ɗayar a wajen gwanjo ya saye ta, tsatsa ta cinye jikinta, amma injin garau yake. Nufinsa ya cire mai lafiyar ya dasa a jikin ta tsohuwar.

Na ce, "Baba, ai kwance noti huɗu ne kawai." Ya yi murmushi, ya ce, "Samari, zauna ka gani."

Da farko ya duba sandar da ke juyawa daga cikin injin, domin ta wani inji a kwance take, ta wani kuma ƙasa ta nufa, ba a musaya tsakaninsu. Sa'an nan ya auna kaurinta da tsawonta, gama in sun saɓa, gargaren da bel ke hawa ba zai zauna daidai ba, bel ya riƙa zamewa ko ya tsinke. Kana ya gwada ramukan noti. Biyu suka dace, biyu sai da ya huda sababbi. Har salansa sai da ya sake mata wuri don bonet ya rufu.

Amma inda ya fi jan kunnena shi ne wajen wuta. Tsohon injin daga batir yake samun wutar fulogi, watau makulli ne ke aika masa. Sabon kuwa da maganaɗisu yake haifar da tasa, aikin makulli kurum ya haɗa wayarsa da jikin ƙarfe in za a kashe shi. Wanda ya bar tsohon makulli ya tura masa wutar batir, nan take zai ƙona kwayil. Don haka ya canja makullin, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce abin da ya sa ba ya yar da tsohon inji, kamfanoni ma ba su dawwama. Tecumseh, wanda ya yi shekaru yana ƙera irin waɗannan injuna, ya daina a 2008. Briggs & Stratton na Milwoki, wanda aka kafa a 1908, shi ma a 2020 bashi ya kai shi kotu har aka sayar da shi. Da na ji haka sai Panteka ta Kaduna ta faɗo mini a rai, na ce ashe a ƙasar masu arziki ma akwai masu ganin darajar tsohon ƙarfe.

Wajen la'asar ya murɗa makulli. Inji ya yi tari sau biyu, ya kama. Ya hau, ya tuƙa zuwa gidan tsohuwar, ya aske mata ciyawar tas. Ta fito da kuɗi a hannu, ya ƙi karɓa, ya ce ta dai gaya wa yaron ya riƙa duba mai kafin ya hau.

Muna komowa gida agwagi suka wuce bisa kanmu a jere, sun nufi fadama. Dattijon bai ko ɗaga kai ba. Yana ta kwance ƙonannen injin, wai akwai sauran abin amfani a cikinsa.