Labaran Al'ajabi da Masu Su: Daga Gilasgo zuwa Rigachikun

Kowace al'umma da Allah Ya shimfiɗa a bayan ƙasa tana da labaran al'ajabi, waɗanda ke kai hankalin mai sauraro inda ƙafarsa ba za ta taka ba. Abin da ya raba wata al'umma da wata shi ne muhallin da ta ajiye waɗannan labarai, da kuma mutanen da ta yarje wa su nuna ƙaunarsu gare su a bainar jama'a. Wannan mas'ala ta tsaya mini a rai tun watan Agustan 2024, sa'ad da aka yi babban taron duniya na masu sha'awar ƙagaggun labaran kimiyya, wanda ake kira Worldcon, a nan birnin Gilasgo na ƙasar Sikotlan inda neman ilmi ya zaunar da ni, muka kuwa halarta ni da mai ɗakina da yaranmu.

Asalin wannan taro yana komawa ne ga shekarar 1939, lokacin da mutane kimanin 200, galibinsu samari masu karanta mujallun labaran taurari da na'urori, suka haɗu a birnin Niyu Yok na Amurka; in ban da shekarun 1942 zuwa 1945 da Yaƙin Duniya na Biyu ya hana, ba a fasa shi ba, har na Gilasgo ya zama na 82. Tun daga 1953 aka fara ba da kyautar Hugo a taron, wadda ta ci sunan Hugo Gernsback, mutumin da ya kafa mujallar Amazing Stories a 1926. A cikin manyan baƙin taron da muka halarta akwai Nnedi Okorafor, marubuciya 'yar asalin Nijeriya, wadda littafinta Binti ya ci wannan kyauta a 2016.

Amma ba tarihi ne ya fi jan hankalina ba, nizamin taron ne. Ba hukuma ce ta kira shi ba, ba kuma wani attajiri ne ya ɗauki nauyinsa don neman riba ba. Masu karatu ne da kansu, kowa ya biya kuɗin zama ɗan ƙungiya, su ne masu tsaron ƙofa, su ne masu jera kujeru, su ne kuma ke jefa ƙuri'a kan littafin da ya cancanci kyauta da garin da za a yi taro bayan shekara biyu. A cikin zaurukan taron na bakin kogin Clyde na ga dattijo mai furfura yana tura matarsa a keken marasa lafiya, ɗansu da jikarsu na biye, su huɗun sun yi shigar mutanen wani labari guda; na ga malamin jami'a yana bayanin tafiyar taurari, yarinya ƙarama ta ɗaga hannu ta yi masa tambaya, ya amsa mata da irin ladabin da zai amsa wa tsaransa. 'Yata ta ja hannun rigata ta ce, "Baba, ashe manya ma suna son tatsuniya?" Na ce mata suna so, har a gida ma, sai dai mu ba mu faɗa.

Mu mutanen Rigachikun ba baƙin taro ba ne, domin a ƙofarmu, kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, filin Kasuwar Baje Koli ta Duniya yake, inda ƙungiyar 'yan kasuwa da masu masana'antu ta Kaduna ke tara jama'a daga ƙasashe dabam-dabam. Wanda ya tashi a garin ya san yadda magidanci kan sa iyalinsa su ci ado, a shiga rumfa-rumfa ana kallon injin ban-ruwa da keken ɗinki, a saya wa yara tsire da alewa, a komo gida da magariba. Fita ce ta zumunci, mai albarka, ba ni kuwa raina ta. Sai dai a can mu 'yan kallo ne da masu saye, abin da aka baje na wasu ne. A Gilasgo kuwa wanda ya zo shi ne mai taron, kuma hajar da aka baje ita ce abin da ya karanta ya ƙaunata.

Namu labaran al'ajabin a cikin gida muka ajiye su, a hannun kakanni mata da gwaggwanni, bayan sallar lisha, inda ake jin wayon Gizo da haƙurin Ƙoƙi da tsoron Dodo. Da zarar yaro ya fara tasawa, sai kunya ta janye shi daga tabarmar, ya koma zaure, har ya tsufa bai sake ambatar su ba. Shigar kwaikwayo ma muna da ita a tashe, daga goma ga watan azumi, inda yaro kan liƙa gemun auduga ya dogara sanda. Amma uba ba ya shiga, balle a ce suruki ya yi wasa a gaban surukinsa. Wannan kunya ado ce, ba na fatan a tuɓe ta. Illa dai ta sa abin da muke so a zuci ya rasa majalisa, kuma yanzu da wayar hannu ta cinye hirar dare, tabarmar ma tana naɗewa ba tare da an shimfiɗa wata a madadinta ba.

Ba kuma za a ce alƙalaminmu bai taɓa wannan fanni ba. Gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, duka biyu cike da tafiye-tafiye cikin duniyar aljannu. A 1969 kuwa, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin yaro Kilba da aka tafi da shi yawon sararin samaniya. Dubban mutane sun karanta waɗannan littattafai a makaranta, kowa kuma ya riƙe daɗinsu shi kaɗai.

Na san akwai malaman da za su ce wannan lagwu ne, ɓata lokaci ne da ya kamata a ba karatu mai amfani, kuma maganarsu tana da wurin zama idan labarin ya kauce wa ladabi ko ya shagaltar da mutum daga farilla. Amma tafakkuri cikin halittar sammai da ƙasa umarni ne, kuma magabatanmu ba su ɗauki ilmin falaki da hisabi a matsayin baƙon abu ba; Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, da hisabi ya yi suna har a Masar. Yaron da labari ya sa ya tambayi nisan wata, ya riga ya sa ƙafa a zauren wannan ilmi.

Adalci kuma ya wajabta in faɗi abin da muka fi su. Taronsu sai mai kuɗin shiga da na jirgi da na masauki, sau ɗaya kuma a shekara; da yawa daga cikin waɗanda na zanta da su sun ce a taron kaɗai suke samun waɗanda za su kira dangi. Mu kuwa labarinmu kyauta ne, daga baki zuwa kunne, kuma dangin suna nan ba sai an yi tafiya neman su ba.

Don haka abin da nake roƙo ba kwaikwayon tufafinsu ba ne, aron nizaminsu ne. Kaduna ta riga ta ga bikin littattafai na KABAFEST tun 2017, da na littattafan Hausa na HIBAF tun 2021. Abin da ya rage shi ne taron da masu karatu za su kira da kansu, su tara kuɗinsa da kansu. Filin baje koli yana nan, Cibiyar Malamai ta Ƙasa ma a Rigachikun take. A ba kaka kujera ta yi tatsuniya da rana tsaka, malamin falaki ya bi bayanta da bayanin taurari, 'yan makaranta su karanta abin da suka ƙaga, jama'a su zaɓi gwani, magidanci kuma ya zauna tare da iyalinsa ya saurara. Idan uba ya nuna a fili cewa labari abin girmamawa ne, ɗansa zai rubuta wani. Idan kuwa ya ci gaba da ɓoye ƙaunarsa, jikokinsa za su yi mafarkin gobe da harshen wasu.