Akushin Gutsattsari

Akushin kakata daga gungume guda aka sassaƙo shi. Nawa kuwa, wanda na fara koyon yi bana, gutsattsarin katako ne da na tsinto a shagon wani kafinta: jan maɗaci da farin malaina.

Zobe-zobe ake haɗa irin wannan akushi. Zobe ɗaya gutsure 12 ne, kowane gefe a yanka shi a kan digiri 15. A takarda lissafin ba wuya. Amma fa yanka 24 ke nan, in zarto ya kauce ko da ƙiris, kuskuren taruwa yake yi. Da na ɗaga zobena na farko wajen taga, sai ga haske yana leƙowa ta mahaɗa. Na daɗe ina kallonsa, ban ce komai ba.

Daga baya na koyi manna rabi-rabi, in goge bakin kowane rabi da samfefa har ya kwanta, sannan in haɗa su. Zobe bisa zobe, ana gocar da mahaɗa kamar jerin bulo.

Ban ma kai ga ɗora akushin kan injin juya katako ba. Gam bai bushe ba tukuna, sai gobe in Allah ya kai mu.