Tsohon Doki Mai Sane: Tsokaci A Kan Zaɓen Tsohon Babur

Bahaushe bai saba sayen doki da ka ba. Kafin kuɗi su bar aljihunsa sai ya buɗe bakin dabbar ya karanta shekarunta a haƙori, ya ɗaga kofato ya duba, ya shafi gadon baya ko akwai tsohon miki, sa'an nan ya sa yaro ya hau ya zaburo ta a gabansa. Zancen launi kuwa, wato akawal ne ko danda ko kili, wannan ado ne da dillali kan cika baki da shi. Da babur ya zo ya karɓe mafi yawan ayyukan doki a ƙasarmu, mun rungumi sabon abin hawa, amma ilimin zaɓe mun bar shi a barga. Abin da muke son tattaunawa a wannan ɗan rubutu shi ne yadda ake zaɓen tsohon babur na sukuwa a kan turɓaya, da kuma abin da wannan zaɓe yake tona mana game da zamanmu da tsofaffin kayanmu.

Ya kamata mu fara da asalin wasan, tun da ba a gidanmu aka haife shi ba. A Ingila ne, a wani gari da ake kira Camberley, aka fara tseren babura a fili mai tudu da kwari a 1924. Wasan ya bazu cikin Turai har ya sami sunan motokuros, aka kuma kafa masa gasar duniya a 1957. Baburan Turai ne suka riƙe fagen, har zuwa 1970 lokacin da Joel Robert, mutumin Baljiyam, ya ci gasar duniya a kan Suzuki, daga nan masana'antun Japan suka mamaye shi. Ƙasar Hausa ma ta shaƙi ƙurar irin waɗannan mahaya, domin tseren farko na Faris zuwa Dakar, wanda ya tashi a ƙarshen 1978, ya ratsa ta Agadas da Yamai, kuma wani matashin Bafaranshe mai suna Cyril Neveu ne ya lashe shi a kan Yamaha XT500.

Da zamani ya ci gaba sai babura suka riƙa canza kama. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara yi musu doguwar shokazoba guda a baya maimakon gajeru biyu, a farkon shekarun 1980 kuma aka koma sanyaya injin da ruwa. Mashin ya ƙara gudu, ya ƙara tsalle, ya kuma ƙara tsada, har wasan ya nemi ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. Ganin haka sai waɗansu suka koma ɗakunan ajiya suka fito da baburan da aka yi wa ritaya, suka shata musu fage na daban. Alal misali, babbar ƙungiyar masu tseren tsofaffin babura ta Amurka ta yanke cewa rukunin tsofaffi na ainihi shi ne ƙirar 1974 zuwa baya, kuma tayar gaba ba za ta lotsa fiye da inci 7 ba, ta baya kuma inci 4. Hikimar wannan doka a fili take. Idan aka daidaita ƙarfin dawaki, abin da ya rage a gani shi ne gwanintar mahayi da ta mai kiwo.

Mu da muka tashi a Kwantagora mun san irin waɗannan babura, ko da yake ba da sunan wasa muka san su ba. Iyayenmu ma'aikata sun sayi Besfa da Honda da Suzuki da kuɗin Udoji da aka biya a farkon 1975. A wannan shekara ce kuma aka buɗe ayyukan bunƙasa noma na Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe, daga baya Bida ta biyo, har tsarin ya game jihohi. Malamin gona ba ya aiki a kan kwalta, don haka aka riƙa ba shi babur mai dogayen ƙafafu, mai taya gargasa, mai salansa a ɗage, irin su Yamaha DT da Suzuki TS da Honda XL. Muna yara mun sha ganinsu suna dawowa daga ƙauyukan Mariga da Mashegu da Rijau, mashin da mai shi duk sun yi ja wur da ƙura, ko kuwa da damina sun sha taɓo har gwiwa. Abin da Bature yake biyan kuɗi ya yi ranar hutu, malamin gonarmu yana yin sa kullum a bakin albashi.

Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan batu kuwa wani ɗan yayanmu ne, saurayi mai shekara ashirin da ɗoriya, wanda ya kamu da son wasan ta hanyar kallon bidiyo a wayarsa. Kafin nan yana cikin samarin da ke ɗaga tayar gaba a tsakiyar titi idan ana rakiyar amarya, sai da wani abokinsa ya kwanta wata huɗu da karaya a cinya sannan ya shiga taitayinsa. Ya tara 'yan kuɗinsa, ya same mu ya ce, "Baffa, na bar titi, amma ban bar babur ba. Ina son a raka ni in zaɓi tsoho." Muka ga cewa hana shi ba zai yi amfani ba, don haka muka kai shi wurin wani dattijon makanike da ya shafe fiye da shekara arba'in a sana'ar, wanda tun muna makarantar firamare yake gyara mashin ɗin mahaifinmu.

Babura uku ne a gaban yaron. Na farko ɗan Kwatano ne, ƙaton mashin na tsere mai sanyaya injin da ruwa, an sake masa fenti yana walƙiya, kuma shi ne zuciyarsa take kai. Na biyu tsohuwar Honda CG 125 ce. Na uku Yamaha DT 125 ce da ta shekara da shekaru a jingine cikin zauren wani malamin gona mai ritaya, fentinta ya koɗe, kaji sun mayar da kujerarta wurin kwana.

Dattijon ya zagaya na farko sau ɗaya, bai ko taɓa shi ba. Ya ce, "Malam, wannan baƙo ne. Ran da famfon ruwansa ya mutu, daga nan har Kano ba lalle a sami irinsa ba. Sai ku kafe shi a tsakar gida yara su riƙa hawa." Game da CG kuwa ya yi mata shaidar arziki, kuma ta cancanta. Kamfanin Honda ya fito da ita a 1975 musamman domin ƙasashe irin namu, inda ba a cika juye baƙin mai a kan kari ba, aka yi mata injin mai sauƙi mai jure wahala. Bugu da ƙari, masana'antun Sin sun kwaikwayi injinta sosai, ta yadda kayan gyaranta suka cika kasuwa. Sai dai an yi ta ne domin ɗaukar kaya da fasinja. Cikinta kusa yake da ƙasa, shokazobarta gajera ce, in aka matsa mata da tsalle firam ɗin ne zai biya bashin.

A kan ta uku ya ɓata lokacinsa, kuma a nan muka ga ilimin barga ya dawo da sabuwar riga. Ya fara tsugunawa a bayanta ya runtse ido ɗaya, yana duba ko tayar gaba da ta baya suna kan layi guda, domin firam ɗin da ya taɓa lanƙwashewa ba ya komawa daidai. Ya bi wuyan mashin da wurin takawa da yatsa yana neman alamar walda. Ya ɗaga kowace taya ya girgiza ta hagu da dama, ya ƙwanƙwasa wayoyinta ɗaya bayan ɗaya yana sauraren wadda ta saki. Ya duba haƙoran da sarƙa take bi, ko sun yi tsini kamar ƙaya. Ya leƙa cikin tanki da tocila saboda tsatsa. Ya kwance fulogi ya nuna wa yaron bakinsa, ya ce idan ya yi launin ƙasa injin na cin mai daidai, idan ya yi baƙi ƙirin da maiƙo akwai magana. Daga ƙarshe ya danna kik da hannunsa a hankali, ya ji yadda fistan yake turjewa, ya gyaɗa kai ya ce, "Da sauran numfashi."

Ya kuma yi mana bayanin abin da ya sa ya fi natsuwa da ita. Injinta mai bugu biyu ne, wato irin wanda baƙin mai yake ƙonewa tare da fetur, shi ya sa yake hayaƙi. Ba shi da bawul, iska ce take sanyaya shi, ga shi ba nauyi, kuma ana iya canza masa fistan da zobe tsakanin azahar da magariba. Aibinsa shi ne shan mai, sa'an nan idan ya daɗe a ajiye robobin da ke toshe gefen ƙaranshaf sukan bushe su riƙa shigar da iska, abin da kan sa injin ya yi zafi ya cije. Saboda haka ya gindaya wa yaron sharaɗi, ya ce, "Ɗana, rabin kuɗinka na saye ne, rabi na gyara da hular kwano da takalmi mai rufe ƙwauri. In ba ka yarda ba, nemi wani makaniken."

Darasin da muka ɗauko daga wannan rumfa shi ne, duk wanda ya zaɓi tsohon babur, haƙiƙa hannun da zai riƙa gyara shi ya zaɓa. Sabon mashin yana tafiya da ƙarfin masana'antar da ta ƙera shi. Tsoho kuwa ya ci wannan guzuri tuntuni, abin da ke riƙe da shi sanin mutum ne, wato wanda ya san kukansa na lafiya da na ciwo, ya kuma san wane zobe na wane mashin ne zai shiga idan na asali ya ɓace. Mu da sana'armu ta haɗa mu da tsofaffin rubuce-rubucen ajami mun san wannan hali. Takarda tana iya kai shekara ɗari cikin gafaka, amma ran da mai iya karanta hannun ya rasu, ta zama tawada kawai.

A nan ne abin yake ba mu tsoro, domin asara biyu ke tafiya tare. Ta farko ta mashin ɗin ce. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, wanda ya tura dubban mutane sana'ar acaɓa, babur a wurinmu ya zama jakin neman abinci, ana hawansa har ya faɗi, in ya faɗi a kira 'yan gwangwan su ɗora shi a sikeli. Abin da ake yi wa gwanjo da tsada a wata ƙasa, mu da kilo muke sayar da shi a narke. Ta biyu ta masu gyaran ce. Yaran da ke koyon sana'ar yanzu sun buɗe ido da Bajaj da Jincheng, waɗanda ake cire musu abin da ya lalace a sa sabo. Ƙalilan ne cikinsu suka taɓa buɗe injin mai bugu biyu. Dattijon da muka ambata ya haura saba'in, kuma yawancin abin da ya sani ba a rubuce yake ba.

Akwai kuma wata matsala da ta fi waɗannan ɗaci. Hanyoyin dajin da malamin gona yake bi ana yi masa maraba da ruwan sanyi, su ne 'yan bindiga suka mayar da su nasu, kuma a kan babura suke tafe. Abin ya kai ga a 2021 gwamnatin Jihar Neja ta sanya takunkumi a kan sayar da waɗansu nau'o'in babura da kuma zirga-zirgarsu. Ƙarar mashin daga nesa, wadda a da take nufin taki ko allurar shanu ta iso, ta koma abin da ke sa uwa ta saɓi ɗanta ta nufi jeji. A irin wannan hali, saurayin da ya ɗauki babur mai taya gargasa ya shiga daji shi kaɗai don wasa yana sayen rigima da kuɗinsa, daga ɓarayi ko daga masu tsaron gari. Ɗan namu ya gyara DT ɗinsa, tana tashi da bugu ɗaya, amma iyakarta wani tsohon ramin da aka ɗebi ƙasar gini a bayan gari, shi da abokai uku. Doki ɗaya a fage kuwa, an ce gudu gare shi.

To, mene ne abin yi? A ganinmu garin da Umaru Nagwamatse ya kafa a kan doki, wanda har gobe yake cika maƙil ranar hawan salla, bai kamata a ce sai an koya masa yadda ake tsara sukuwa ba. Sukuwar dawaki tana da fage, tana da lokaci, tana da manya masu tsawatarwa, shi ya sa ta zama abin ado maimakon abin kuka. Babu abin da zai hana a yi wa babur haka. A sami fili a killace da izinin hukuma da sanin masarauta, a rubuta sunan kowane mahayi da lambar mashin ɗinsa, a wajabta hular kwano, a tanadi mai ba da taimakon gaggawa, a kuma yanke shekarar ƙira yadda ɗan mai kuɗi ba zai sayi nasara ba. Sa'an nan a sa dattawan makanikai su zama alƙalan duba mashin kafin a tashi, ta yadda samari za su zauna a gabansu dole. Idan aka yi haka titi zai huta, tsohon ƙarfe zai tsira daga sikeli, ilimin da ke kan hanyar kushewa kuma zai sami magada.

Ba mu ce wannan zai magance rashin tsaro ko rashin aikin yi ba, waɗannan manyan cututtuka ne masu bukatar manyan magunguna. Abin da muke cewa shi ne, ƙuruciya ba ta rasa inda za ta zubar da zafinta, in ba a shata mata fage ba za ta shata wa kanta a tsakiyar kasuwa. Kafin mai zauren da ke kusa da mu ya kira ɗan gwangwan, yana da kyau wani ya tsuguna a bayan abin da ke jingine a ciki, ya runtse ido ɗaya, ya duba ko da sauran numfashi. Allah ya sa mu dace.