Sanyin Zuciya Ba a Kasuwa Ake Sayensa Ba

Na daɗe ina karanta wasiƙun da kuke aikowa wannan fili, kuma na lura kusan kukan duk ɗaya ne: wane ya yaudare ni, ƙawata ta ƙwace mini saurayi, na kasa ci, na kasa barci, Anti ki ba ni shawara. To ni dai ba malama ba ce, amma ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa na ce bari in gaya muku inda na samo maganin nawa ciwon. Ni Kirista ce, kuma na san mafi yawanku Musulmi ne. Ban zo jayayya da kowa ba. Labarina kawai zan ba ku, kowa ta tsinci abin da zai amfane ta.

Wasu in sun ji an ce ga Bahaushiya Kirista sai su riƙe baki, su ce ko dai daga Jos iyayenta suka zo? A'a. Ƙauyenmu yana tsakanin Karaye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, nan aka binne cibiyar kakannina. Asalinmu Maguzawa ne, wato Hausawan da suka zauna a kan al'adar gargajiya ta tsafi da bori, suna noma, suna yi wa iskoki yanka. Daga baya wasu gidajen suka musulunta, wasu suka karɓi bishara, wasu tsofaffi kuma suka tsaya a kan abin da suka gada. 'Yan mishan na SIM sun fara sauka ƙasar nan a 1893, kuma daga aikinsu ne aka kafa ekklisiyar ECWA a 1954, ita ce tamu. Akwai kuma 'yan Angilika, har suna da diyosis ta Bari a ƙaramar hukumar Rogo. Da Hausa muke sujada, da Hausa muke waƙa, da Hausa muke karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da harshenmu tun 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi suna a kansa. Kakanmu ne ya fara kawo bangaskiyar nan gidanmu, bayan ya je neman maganin ido a asibitin ido na mishan da ke Kano ya ji wa'azi a can.

Kun ga ke nan a cikin addinin na buɗe ido. Tun ina 'yar mitsitsiya nake zuwa makarantar Lahadi, na haddace ayoyi, na shiga ƙungiyar mawaƙa. Amma fa abin kamar zanen gado ne, Inna ta ba ni na ɗaura, ban taɓa sanin nauyinsa ba sai ranar da sanyi ya kama ni.

Ina da shekara 19, na gama sakandare, akwai wani saurayi ɗan wani ƙauye kusa da Rogo da muka shekara uku muna tare. Kowa ya san mu. Iyayensa sun zo gaisuwa, an kawo kuɗin na-gani-ina-so, har Inna ta fara tara mini kwanuka a ƙarƙashin gado. Sai ya tafi Zariya koyon gyaran mota, aka ce in ya dawo bayan kaka za a sa rana. Da farko kullum sai ya kira, daga baya sai ranar Lahadi, daga baya kuma sai in kira a ce mini wayar a kashe take. Ashe 'yar ƙanwar babana, wadda muka tashi a tabarma ɗaya, muke cin tuwo a kwano ɗaya, wadda nake aika masa da ƙuli-ƙuli ta hannunta in za ta Zariya wurin yayarta, ita ce ta maye gurbina.

A wurinmu kafin a ɗaura aure sai an yi sanarwa a majami'a Lahadi uku a jere. Ku auna da kanku, 'yan'uwa. Lahadi uku ina zaune a kan bencin mawaƙa, ana kiran sunansa da nata, mata suna satar kallona ta gefen ɗankwali. Ban yi kuka a gaban kowa ba, amma in na koma gida sai in shige ɗaki in kwanta in fuskanci bango. Abinci ya fita raina, na rame har wuyana ya yi tsawo. In na rufe ido fuskarta nake gani, sai in ji kamar an zuba mini garwashi a ƙirji.

Ana cikin haka sai ga Goggo, yayar kakata, tsohuwar da har ta bar duniya ba ta saki bori ba. Ta same ni a bayan rumbu, ta dafa ni ta ce, “'Yar nan, kukan me kike yi kamar marar gata? Akwai wani mutumina can gefen dam ɗin Challawa, jan zakara kawai zai karɓa da ɗan abin goro. Farraƙu zai yi musu, kafin watan nan ya mutu za ki ga sun rabu dutse a hannun riga.”

Na ce, “Goggo, in sun rabu shi ke nan sai zuciyata ta huce?”

Ta ce, “Ke dai ki kawo zakara, sauran magana tawa ce.”

Don ƙauna ta faɗa, na sani, iyakar maganin da ta sani ke nan. Daren nan ban runtsa ba. Ina da zakara nawa na kaina da na kiwata, ina jin cararsa har asuba, kowace cara kamar tambayata yake yi.

Da gari ya waye, maimakon gidan Goggo sai ƙafata ta kai ni gidan Fasto. Matarsa, wadda duk muke kira Mama, tana surfe a tsakar gida. Da ta ga idona sai ta jingine taɓarya, ta ja ni ɗaki, ta ce, “Zauna, 'yata. Yau kam ki yi kukan duka, ba mai jin ki sai ni da Allah.” Na yi kuka har na gode Allah. Ba ta ce mini ai ba komai ba, ba ta ce in manta ba. Cewa ta yi, “An cuce ki, wannan gaskiya ne, kuma Allah ya gani. Amma yanzu wuta biyu ce. Ɗaya su suka kunna, ta riga ta ci abin da za ta ci. Ɗayar tana cikin ƙirjinki, kuma ke kaɗai take ci. Su suna can suna barcinsu.”

Na ce, “Mama, to ya zan yi? Ba ni na sa ta ba, ba kuma zan iya kashe ta ba.”

Ta ce, “Na san ba za ki iya ba. Da mutum yana iyawa da kansa, da Yesu Almasihu bai sha wahalar gicciye ba. Ki kai masa ita yadda take.”

Ta buɗe Littafi ta nuna mini labarin Hannatu a littafin Sama'ila na fari, matar da kishiya ta riƙa yi wa gori har ta kasa cin abinci, ta je gaban Ubangiji tana motsa baki ba a jin muryarta, har firist ya ɗauka buguwa ta yi. Mama ta ce in lura da abu guda: Hannatu ta tashi ta ci abinci, fuskarta ta sake, tun kafin ta sami ɗan da ta roƙa. Sa'an nan ta ba ni aiki. Ta ce kowace safiya in karanta Zabura ɗaya, in faɗa wa Allah duk abin da ke raina ko da baƙar magana ce, daga ƙarshe in ambaci sunan 'yar'uwar tawa in roƙa mata alheri.

Kai, wannan na ƙarshen ya fi sussukar dawa wuya! Makon farko in na zo kan sunanta sai harshena ya yi nauyi, in ce “ita waccan” in wuce. Haka nan addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, wadda na haddace tun ina firamare, in an zo wurin da ake haɗa gafarar da muke roƙo da gafarar da muke yi wa wasu, sai in ji maƙogwarona ya toshe. A lokacin ne na gane kalmomin da nake rerawa shekara da shekaru suna da haƙora. Amma ban daina ba. Mama kuma ta jawo ni cikin Zumuntar Mata duk da ban yi aure ba, ta ce in riƙa buga musu tulu in ana waƙa. A can na ji abin da mata suka haɗiye: wadda ta binne 'ya'ya uku, wadda miji ya tafi ci-rani bai dawo ba, ga su suna rawa suna yabon Allah da gaske, ba na ganin ido ba. Ƙawata Musulma da muka yi makaranta tare ita ma ba ta bar ni ba, kullum yamma sai ta leƙo da ɗan ƙosai ko rake, ta ce, “Ki yi haƙuri, abin da Allah bai rubuta naki ba ne ba zai zama naki ba.” Ita tana yi mini addu'a a sallarta, ni ina yi mata a tawa.

Ba rana ɗaya abin ya sauka ba. Kamar yadda ruwan randa ke yin sanyi ne, ba ka ganin lokacin, sai dai ka sha ka ji. Wata safiya na ambaci sunanta cikakke, na roƙa mata zaman lafiya a gidanta, na jira in ji zafin nan, sai na ji shiru. Na tashi na ɗumama tuwo na cinye tas, har Inna ta tsaya tana kallona. Da watan Ista ya zo aka yi mini baftisma, na fara cin Jibin Ubangiji da zuciya ɗaya. Zanen gado ya zama nawa na kaina.

To amma an ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Da damina ta zagayo, wani dare ana tsuga ruwa, sai muka ji ana buga ƙofa. 'Yar'uwar tawa ta zo goyon ciki gidan iyayenta, naƙuda ta zo da gardama, ta haihu amma jini ya ƙi tsayawa, mijin kuma yana Zariya. Yayana ya tayar da babur, aka ɗora ta a tsakiya, aka rasa wanda zai riƙe ta ta baya, don mahaifiyarta jikinta sai ɓari yake yi. Ban san lokacin da na ɗaure zanena na hau ba. Haka muka keta laka har asibiti a Rogo, kanta a kafaɗata, ina kiran sunanta kada ta yi barci. Da muka isa aka ce sai an ƙara mata jini. Aka gwada na yayana bai dace ba, aka gwada nawa ya dace. Na miƙa hannu aka ɗebi leda guda.

Da ta farfaɗo da hantsi aka gaya mata, sai ta juya fuska tana hawaye, ta ce, “Yaya, ni kika ba jininki? Bayan abin da na yi miki?”

Na ce, “Ƙanwata, wannan maganar ta wuce tuntuni, ba yau na yafe miki ba. Ki sha kununki ki ba yaro nono.”

Ba na faɗi wannan don ku ce ina da kirki ba ne. Yarinyar da ta kwana tana sauraren carar zakara ba za ta iya hawa babur ɗin nan ba. Wanda ya yafe mini, shi ya ba ni abin da na yafe da shi. Ko Goggo da labari ya kai mata, shiru ta yi, can ta ce, “Lalle abin da kika riƙe ya fi zakara.”

Yanzu ina da mijina da 'ya'ya biyu, ina ɗinki, ina kuma koyar da yara a makarantar Lahadi. Amma kada ku ce auren ne ya warkar da ni. Shekara huɗu na yi ba ko mai cewa yana so, kuma a cikin shekarun nan ne na fi kowane lokaci samun kwanciyar rai. Da miji ne maganin, da duk matan aure suna barci lafiya.

Saboda haka ƙannena, ga 'yar shawarata. Duk wadda aka karya wa zuciya, kada ta ɓoye ciwon har ya ruɓe, ta nemi babbar mace mai tsoron Allah mai riƙe sirri ta gaya mata. Kada ki ba boka kuɗin makarantarki, don ko ya raba su, ke ba zai haɗa ki da barci ba. Kada ki bar karatu ko sana'a saboda ɗa namiji. Darajarki ba a cikin akwatin lefe take ba, Wanda ya halicce ki ya riga ya sa miki ita tun kafin wani ya ce yana son ki. Sa'an nan ki riƙa yi wa wadda ta cuce ki addu'ar alheri, ko da farko da ƙyar sunanta zai fita. Ke 'yar'uwata Kirista, kada Littafinki ya zama kayan adon ranar Lahadi, ki buɗe shi ranar Talata ma. Ke kuma 'yar'uwata Musulma, na san naki addinin ya girmama haƙuri da yafiya, ki riƙe su da hannu biyu.

Allah ya sanyaya zuciyar duk wadda ke kuka a ɓoye, ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya haɗa kowa da rabonta na alheri, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Na bar ku lafiya.

Taku har kullum,
'Yar'uwarku daga ƙasar Karaye