Shanun Dutsen Mesa Da Harshen Kakata

A hutun da ya wuce na hau mota daga Kano, muka bi ta Wudil da Kwanar Huguma, muka sauka Birnin Kudu bayan tafiyar kilomita kusan 130. Niyyata in kwana ɗaya, in wuce Gwaram in gaida kakata. Duk wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar arewacin Jigawa, irin ta Gumel ko Maigatari, zai ga bambanci tun daga tagar mota. Nan ƙasa ce ta manyan duwatsu, wani a kan wani kamar da hannu aka jera su, ga kuka da ɗorawa, ga gonakin dawa da gero da gyaɗa da riɗi.

Yawancinmu abin da muka sani game da Birnin Kudu bai wuce uku ba: Kwalejin Gwamnati da Alhaji Aliko Ɗangote ya yi karatu a cikinta, babban asibitin Gwamnatin Tarayya, da Bamaina, mahaifar tsohon gwamna Sule Lamido. Wanda ya ƙara karatu zai ce ƙasar tana cikin Jihar Kano kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991, yanzu kuma tana ƙarƙashin masarautar Dutse. Duk gaskiya ne, amma garin ya girme waɗannan nesa ba kusa ba.

Da hantsi wani abokina ɗan garin ya kai ni Dutsen Mesa. Ƙarƙashin wata rumfar dutse, sai ga zanen shanu a jikin bango, launin ya koɗe amma siffar tana nan. Abokina ya ce, "Duba bayansu da kyau." Na duba. Babu tozo. Shanu ne masu dogayen ƙaho da miƙaƙƙen baya, ba irin bunaji da rahajin da ake kaiwa kasuwa yau ba. Akwai irin wannan zane a Dutsen Habuɗe da Dutsen Murufu, kuma hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa ce ke riƙe da wuraren. A nan ne kuma a 1955 Baturen nan mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya ci karo da duwatsu masu amo, waɗanda in ka ƙwanƙwasa da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar kuge. Na ƙwanƙwasa ɗaya, gurbin da hannayen mutanen da suka lotsa ya cika tafina. Masu zanen sun tafi, irin shanunsu ma ya ƙare a wannan ƙasa.

Da la'asar na kama hanyar Gwaram. Daga Babaldu hanya ke rabuwa, ɗaya ta nufi Ningi. Wannan mararraba tana da tarihi. A shekarun 1840 wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano saboda rikicin haraji, suka shige duwatsun Ningi, suka haɗa kai da mutanen da suka tarar, wato Butawa da Warjawa da Pa'awa. Daga nan aka shafe shekaru ana kai hari ana ramawa tsakanin Ningi da Kano, musamman a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Birnin Kudu da Gwaram su ne bakin iyaka, su ne masu shan wuta. Mutane sun gudu, an kama wasu, wasu sun sauya gari, an yi auratayya. Shi ya sa in ka tono asalin gidaje da yawa a wannan yanki, za ka tarar da Hausa da Fulatanci da Warjanci a tukunya ɗaya.

Gidanmu na cikinsu. Kakata ta wajen uwa Bawarjiya ce, daga wani ƙauye kusa da iyakar Bauchi aka auro ta zuwa Gwaram. Ina yaro nakan ji tana magana da akuyoyinta cikin wani harshe, mu yi ta dariya. A makarantar kwana kuwa, da aka tambaye ni ko a gidanmu ana wani yare, cewa na yi a'a.

Da na durƙusa na gaishe ta, sai ta ce, "Maigidan, sai yau? Na zaci ka sake ni ne."

Na ce, "Haba Iya, ina na isa. Yau ma da roƙo na zo. Ki koya mini ƙirga da yarenku."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Uwarka ma ba ta taɓa tambaya ba."

Ta fara, ina rubutawa a bayan littafina. Muka wuce ƙirga, muka shiga sunan ruwa da wuta da dawa. Da muka zo sunan wani tsuntsu sai ta tsaya, ta nema ta rasa. Ta ce tun rasuwar ƙanwarta ba ta da abokin hira da shi, harshe kuwa kamar rijiya ne, in ba a ɗiba sai ya ƙafe.

Warjanci ɗan uwan Hausa ne na nesa, duka daga dangin harsunan Cadi suke, kuma har yanzu ana yin sa sosai a Ƙaramar Hukumar Warji ta Jihar Bauchi. Amma mun ga yadda ta kaya da wasu. A Jigawar nan tamu an yi harshen Auyokawa da na Teshenawa, yau babu mai jin su. A gabashin Jamus akwai wata ƙaramar al'umma, Sorbawa, da Jamusanci ya kewaye. Allunan ƙauyukansu da harshe biyu ake rubuta su, ana kuma koyar da harshen a makarantunsu. Mu ko sunan da Warjawa ke kiran kansu, Sirzakwai, sai a bakin Iya na fara ji.

Washegari na raka kawuna Sara cin kasuwa. Ina cikin 'yan hatsi na ji wasu dattawa biyu suna ciniki da Hausa, da suka juya suka yi shawara a tsakaninsu da wani harshe. Na tsinci kalma ɗaya, lamba ce daga cikin waɗanda na rubuta jiya. Na faɗe ta da ƙarfi. Suka waiwayo, ɗayan ya fashe da dariya ya ce, "Ɗan wane gida ne kai?"

'Yan uwana ɗalibai, kusan kowannenmu na da waya mai naɗar murya, kuma da yawanmu na da tsoho ko tsohuwa a gida. Ni dai na dawo makaranta da kalmomi 84 da muryar Iya ta minti 40. Ta ce in na koma da babbar Sallah za ta tuno sunan tsuntsun. Allah Ya kai mu da rai da lafiya.