Bin Sawun Karen Ruwa a Tsibiran Shetland

Jirgin ruwan da ke tashi daga Aberdeen da yamma sai gari ya waye yake isa Lerwick, babban garin tsibiran Shetland, can ƙuryar arewacin Sikotlan. Tafiyar awa 12 ce, ko 14 idan ya biya ta Orkney. A watan Yuni na je, lokacin da rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe goma na dare, kuma ko ta faɗi duhu ba ya gama rufewa alfijir ke ketowa. Mai jiran shafaƙi ya ɓace kafin ya yi Isha'i, a nan dole ya koma ga agogo da fatawar malamai.

Karen ruwa ne ya kai ni, ko kuwa in ce masu ƙidayarsa. A yawancin ƙasashen Turai dabbar nan da dare take yawo, mutum zai iya tsufa a bakin kogi bai taɓa sa ta a ido ba. A Shetland kuwa da rana tsaka take farauta a gaɓar teku, domin ƙananan kifayen da take ci da dare suke kai-komo, da rana kuma su laɓe a ƙarƙashin duwatsu da ciyawar ruwa, inda kama su ya fi sauƙi. Wannan ya sa masana suka mai da tsibiran makarantarsu.

Daga Lerwick na hau mota zuwa Toft, na shiga jirgin fito, cikin kamar minti ashirin muka sauka a Ulsta, a tsibirin Yell. Ƙasar ba itatuwa, sai tuddai da tumaki da iskar da ba ta hutawa. A can wata dattijuwa 'yar sa-kai, wadda ta daɗe tana taya masu bincike zagayen gaɓa, ta karɓe ni. Kafin mu taka ko'ina sai da ta duba jadawalin cika da janyewar teku, ta kuma juya fuska ta ji inda iska ke busowa. Ganin karen ruwa ba shi da kaifi sosai, in ji ta, amma hancinsa ba ya kuskure. Saboda haka iska a fuskarmu za ta riƙa bugawa, kuma ba za mu hau kan tudu mu tsaya ƙiƙam ba.

Farkon abin da ta nuna min kashi ne. A kan wani ɗan tudu da ciyawarsa ta fi ta kewaye kore, saboda takin shekara da shekaru, ga shi nan baƙi-baƙi, cike da ƙananan ƙayoyin kifi. Ta durƙusa ta sansana, ta ce ni ma in gwada. Na ɗan yi jim, sannan na sunkuya. Ba shi da ɗoyi, ƙarni ne kawai mai ɗan ƙanshin busasshiyar ciyawa, kuma da wannan ake bambanta shi da na sauran dabbobi. Karen ruwa da gangan yake ajiye kashinsa a fili, kan dutse ko gindin gada ko mahaɗar rafi, don 'yan'uwansa su san ya biyo ta nan. Sawunsa kuma yatsu biyar ne, na karen gida huɗu.

A kan wannan kashi aka gina babbar hanyar binciken da Turai ta dogara da ita. Ana zaɓar wurare a kan taswira, kowane da tazarar kilomita biyar zuwa takwas daga na gaba, mai bincike ya bi gaɓa har tsawon mita 600. Da ya ga kashi ko sawu sai ya rubuta akwai, ya wuce. Idan ya ƙure bai ga komai ba, ya rubuta babu. Da aka yi haka a Ingila tsakanin 1977 da 1979, wuraren da aka sami alama ba su kai shida cikin ɗari ba. Magungunan ƙwari irin su dieldrin, da manoma suka fara amfani da su a shekarun 1950, sun gangara koguna sun shiga jikin kifi, daga nan suka taru a jikin mai cin kifin. Bayan an hana magungunan an kuma haramta farautar dabbar, zagaye na biyar da aka yi a 2009 zuwa 2010 ya sami alama a kusan wurare 59 cikin ɗari. Hanya ce mai araha: takalmin roba, taswira, fensir da haƙuri.

Sai dai kashi yana faɗin inda dabba take, ba ya faɗin ko su nawa ne. Wanda ya fi kowa nanata haka shi ne Hans Kruuk, masanin dabbobi haifaffen ƙasar Holan, wanda ya fara yin suna da binciken kuraye a Serengeti ta Tanzaniya. A shekarun 1980 ya yi aiki a Lunna Ness, wani zirin ƙasa da ke kallon Yell ta tsallaken ruwa, yana kallon karnukan ruwa da idonsa. Ya lura cewa kashin da ake gani a tudu ya fi yawa nesa ba kusa ba a lokacin sanyi, alhali dabbobin su ne dai na lokacin zafi, sai dai a sannan sun fi yin abinsu a cikin ruwa. An yi ta muhawara tsakaninsa da masu kare tsohuwar hanya. Ni a ganina kowa da gaskiyarsa, tambayoyinsu ne suka bambanta. Matsala tana zuwa ne idan mai rubuta rahoto ya ɗauki taswirar akwai da babu ya karanta ta a matsayin ƙidaya.

Dabarar da Kruuk da abokan aikinsa suka fito da ita ta ramuka ce. Da yake a Lunna Ness sun san dabbobin ɗaya bayan ɗaya, sai suka lissafa ramuka nawa kowace mace mazauniya ke amfani da su, da kuma yawan maza da baƙi masu wucewa idan aka kwatanta da matan. A 1988 suka bi kusan sulusin gaɓar Shetland da ƙafa suna ƙirga ramukan da ake kwana a ciki, suka auna da wancan ma'auni, suka ce manyan karnukan ruwa a tsibiran za su kai 700 zuwa 900.

Mun ga irin ramukan nan da dama. Bakinsu ya yi sumul don shiga da fita, ga sabon kashi a ƙofa, kuma a cikin baƙar ƙasar nan mai laushi ta ruɓaɓɓun tsirrai aka haƙa su, wadda mutanen wurin ke yankawa su shanya su hura wuta da ita. Kowanne kuma akwai kududdufi ko ɗan rafi kusa. Dattijuwar ta yi min bayani: dabbar ba ta da kitse mai kauri, gashinta ne ke riƙe iska ya kare ta daga sanyi. Gishirin teku in ya bushe a gashin sai ya lalata wannan kariya, don haka dole ta riƙa wanka a ruwan daɗi. Gaɓa ko ta cika da kifi, in ba ruwan wanka, da wuya a ga rami a wurin.

Teku ya kusa gama janyewa lokacin da ta dafa min kafaɗa. Can cikin ciyawar ruwa ga kai, ga doron baya, ga wutsiya, sai wutsiyar ta ɗaga sama ta nutse. Ta raɗa min cewa, "Ɗana, in ya nutse mu taka, in ya ɓullo mu daskare." Nutsewar ba ta cika wuce rabin minti ba, haka muka yi ta ɗan gudu muna tsugunawa har muka sami bayan wani dutse. Ya fito tudu da kifin da ya fi ƙarfin ci a ruwa, ya riƙe da hannu biyu yana tauna. Ita kuwa ba kifin take kallo ba, maƙogwaron take bi da madubin hangen nesa. Karnukan ruwan Shetland da yawa suna da farin tabo a wuya da leɓe, kowa da irin nasa, kamar yadda makiyayi ke gane shanunsa. Ta buɗe littafinta ta nuna min zanen tabon: mace ce, ta san ta, ta kuma san ramukanta.

A hanyar komawa muka taɓo sababbin dabaru. Ana ciro ƙwayoyin halitta daga kashi a gane kowace dabba da jinsinta, amma sai an tsince shi sabo da sassafe, kuma da yawa ba sa ba da sakamako. Kyamarar da ake ɗaurewa a bakin rami ɗumin jiki take ji, karen ruwan da ya fito jiƙe kuwa sau da yawa yakan wuce ba ta farka ba. Abin wuya mai rediyo ba ya zama, don wuyan da kan kusan kaurinsu ɗaya, sai dai likita ya dasa na'urar a ciki. Hatta gawa ba a yar da ita: a Jami'ar Cardiff tun shekarun 1990 ake feɗe waɗanda mota ta buge a Ingila da Wales, a auna gubar da ta taru a hantarsu.

Daga jirgin fito ana hango tashar mai ta Sullom Voe. A ƙarshen Disambar 1978 jirgin dakon mai Esso Bernicia ya bugi matsayar jiragen tashar, mai ya malala cikin mashigin ruwan da jirgin fito ke ratsawa, aka tsinci gawar karnukan ruwa aƙalla 13. A Janairun 1993 kuma jirgin Braer ya tarwatse a kudancin Shetland da ɗanyen mai kusan tan 85,000. A wannan karo akwai lissafin 1988 a hannu, don haka a shekarar aka sake bin gaɓar ana ƙirga ramuka da ma'auni iri ɗaya, kuma ba a ga raguwa a jimillar tsibiran ba.