Tsohuwar Kwamfuta da Sabuwar Manhaja

Tun da Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu tsofaffin kwamfutoci suka shiga tsaka mai wuya, domin Windows 11 tana neman TPM 2.0, abin da yawancin na'urorinsu ba su da shi. Cikinsu akwai wata ɗalibar nazarin harshe a Damagaram, wadda ta gaji kwamfutar yayanta ƙirar 2012. A ciki ta tara karin magana da muryoyin tsofaffin da ta naɗo a ƙauyuka, ga kuma ranar miƙa kundi ta gabato.

Ta kwashe aikinta kaf ta zuba a filas guda, sannan ta zaɓi Linux Mint mai fuskar Xfce saboda rashin nauyinta. Daga faifan DVD ta fara girkawa. Aikin ya yi ta jan ƙafa har wuta ta ɗauke a tsakiyarsa, batirin kuwa ya daɗe da mutuwa. Tsohuwar manhaja ta goge, sabuwa ba ta zauna ba, wahalar shekara biyu tana rataye a filas ɗin da bai kai ɗan yatsa ba. Abokan karatu suka ce a sayi sabuwa. Shawara ce mai daɗin bayarwa ga wanda ba shi zai biya ba.

Alhali ba tsufan ƙwaƙwalwar na'ura ke cin lokacin ba. Girka babbar manhaja galibinsa kwafe ne: dubban ƙananan fayiloli suna tashi daga wani wuri su sauka a wani, saurinsu kuwa gwargwadon hanyar da suka bi ne. Faifai juyawa yake yi, idon da ke karanta shi yana kai-da-kawo neman kowane fayil. Filas ba ya juyi. Saboda haka ta ari kwamfutar ƙawarta, ta rubuta manhajar a wani filas da Rufus, ta soka shi a shuɗiyar kafa, wato USB 3.0, mai gigabit 5 a daƙiƙa, maimakon baƙar mai megabit 480. Lissafin takarda ke nan. Filas mai araha ba ya kusantarsa.

Babban ciwon yana rumbun ajiya, mai zagaye 5400 a minti, wanda allurarsa ke tsalle tsakanin fayiloli. Wani mai gyara a kasuwa ya cire shi ya sa SSD a gurbinsa, domin kafarsu ɗaya ce. Ya kuma hure ƙurar hunturu da ta toshe fanka, tunda na'ura in ta ji zafi da kanta take rage gudu. Tsohon rumbun aka sa shi a ƙaramin akwati, ya zama ma'aji na biyu.

Ba ta haɗa intanet ba sai bayan an gama, don kada girkawa ta tsaya sauko da ƙarin kaya. Tsakanin azahar da la'asar komai ya kammala, har da mayar da muryoyin.

Allon rubutu ne ya ɗan ba ta aiki. Nata AZERTY ne, tsarin Hausa da ke cikin Linux kuwa, na Najeriya da na Gana, jerin QWERTY yake bi. Ta bar na Faransanci, ta ƙara na Hausa a gefe, tana sauyawa duk sa'ad da ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ suka taso.